Sanyin Hannunta

A shekara ta biyu da aurenmu matata ta fara ajiye taɓarya kafin daka ya yi. 'Yar Gozaki ce, kuma a gidansu an san ta da ƙarfin hannu. Lokacin da aka kawo ta ƙauyenmu, kusa da Ƙarfi, in tana lugude da matan yayyena sai ka ji nata bugun daban. Takan cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe. To sai ga shi tana tsayawa a tsakiyar daka, ta saki hannun hagu yana reto, ta yarfa shi, ta jira. In aka tambaye ta sai ta ce, "Mutuwa ya yi, yanzu zai dawo." Yakan kuma dawo. Haka ma a bakin rijiya: guga biyu, uku, sai igiya ta fara zame mata.

Kafin wannan ta yi wani zazzaɓi da ya ƙi tafiya kusan damina guda, da ciwon gaɓoɓi da kasala. Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓin sauro, bai yi ba, ya ce to taifot ne. Daga baya abin ya lafa da kansa. Ba wanda ya haɗa zazzaɓin da hannun, ni ma ban haɗa ba.

Sanyin hannun ni na fara lura da shi. Ta kawo mini fura gona da tsakar rana, ana tsananin zafi, da ta miƙo ƙwaryar sai yatsunta suka taɓa nawa. Na dama da ɗumi kamar na kowa. Na hagu kamar ta ciro shi daga randa.

Na ce, "Amarya, wannan hannun naki fa?" Amarya nake ce mata, tun daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Malam, an kawo maka firij har gida ba ka biya ko sisi ba, kana kuma ƙorafi."

Muka yi dariya. Ya zama abin wasa a ɗakinmu. Bayan ta haifi 'yarmu ta fari, in yarinyar ta yi zazzaɓi, wannan hannun take ɗora mata a goshi.

Haihuwar fari a gidansu ta yi, kamar yadda aka saba, can aka yi mata wankan jego ta dawo lafiya. Ciki na biyu sai bayan shekara biyar. Wannan karon ta sha wahala. Ciwon kai ta ƙeya, jiri in ta miƙe, wani lokaci ganinta ya dushe na ɗan lokaci. Tana zuwa awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ta ba ni labari cewa malamar asibitin takan ɗaura mata abin awon jini a dantsen hagu, ta hura, ta saurara, ta sake hurawa, sannan ta koma na dama. A dama takan samu, amma ƙasa-ƙasa. Sai ta ce mata jininta ba ya hawa, ya ma yi ƙasa, ta riƙa cin abinci mai kyau. Muka ji daɗi, don hawan jini ne muka san yana kashe masu ciki. Na riƙa sayo mata hanta ranar kasuwa, ana dafa mata zogale.

A wajenmu in mace ta yi nauyi, aikin miji shi ne itace. Mai jego za ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kuma wutar ba ta mutuwa. Mata suna kallon tarin itacen da ke ƙofar ɗaki su san irin mijin da ke gidan. Ba a faɗa, amma kowa ya sani. Ni kuwa ba mai iya magana ba ne. Ban taɓa zaunar da ita na gaya mata abin da ke raina game da ita ba. Sai na ce a zuciyata, to a itace zan faɗa.

Maƙwabcin gonarmu wani dattijo ne Bamaguje, abokin mahaifina tun suna samari. A kan iyakarsa akwai wata kirya da ta bushe a tsaye. Na je na roƙe shi.

Ya ce, "Kirya? Ƙira za ka buɗe ko mace za ta haihu?"

Na ce, "Haihuwa ce, Baba."

Ya ce, "Ubanka da karan dawa ya yi jegonka, ga ka nan kamar bajimi. Je ka sare. In namiji ne ka kawo mini kan ragon."

Na yi kwana huɗu a kan itaciyar nan. Kirya ba ta son gatari. Na kwaso ta a amalanken shanu, na ƙara da marke, na faskara na jera har tarin ya kai tsayin katanga. Abokaina in sun zo wucewa sai su tsaya su ce ko giwa za a dafa a gidan. Matata kuma ta fito da cikinta ta tsaya tana kallo, ta riƙe ƙugu. Da yamma na tarar ta sa mini man shanu a tuwo fiye da kullum.

Ta haihu bayan an karye masara, dawa tana tsaye. Namiji. A gida ta haihu, a hannun ungozoma, ba a sha wuya sosai ba. Da yake ba haihuwar fari ba ce, jegon a gidanmu ne, kuma mahaifiyata ce ta karɓi aikin. Inna muke ce mata. Ta haifi bakwai, ta yi wa surukai da 'ya'ya jego fiye da yadda zan iya tunawa, har daga wasu gidaje ana kiranta. Tana son matata. Ina so a san wannan. A cikin surukanta ita kaɗai take kira ɗakinta su ci goro tare.

Ranar wankan farko Inna ta riƙe hannun nan na hagu ta daɗe ba ta sake ba. Daga baya ta same ni a zaure.

Ta ce, "Kai, ka san yarinyar nan sanyi ya daɗe a jikinta?"

Na ce, "Hannun? Ai ya daɗe haka."

Ta ce, "Kuma ka zauna kana kallo. Can gidansu ba su gasa ta da kyau ba a haihuwar fari, shi ne ya samu wurin zama. In ba a fitar da shi a wannan jegon ba, ba zai fita ba har abada."

Sai ta mayar da wankan sau uku a rana maimakon biyu. Ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya har ya yi ta tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa mata a jiki. In an gama ta shiga ɗaki ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, a rufe ƙofa da taga. Sannan kunun kanwa, mai kauri, da yaji. Inna da kanta take damawa, kuma ta ƙara kanwar, don ita ce ke korar sanyi ta kawo nono. Kwano guda da safe, guda da rana, guda da yamma. Namiji ba ya shiga wannan sha'ani. Nawa in kawo ruwa in tura itace. Garwashin kirya ba ya saurin mutuwa, Inna har yaba mini ta yi.

An yi suna lafiya. Na kai wa dattijon kan ragonsa. Bayan suna da kamar mako biyu ƙafafun matata suka fara kumbura. Sai tari. Sai ya zama ba ta iya kwanciya miƙe, sai an jingina ta da bango. Wata rana bayan la'asar na shiga ganin yaron, na same ta zaune tana haki kamar wadda ta yi gudu, alhali daga bayan ɗaki kawai ta dawo.

Ta ce a hankali, "Malam, in na sha kunun nan, zuciyata kamar za ta faso ƙirji."

Na ce, "Kin gaya wa Inna?"

Ta dube ni. Ta ce, "Da wane bakin? Tsohuwa tana tashi tun asuba saboda ni."

Na je na sami Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na ce ko za a kai ta asibiti a duba kumburin nan.

Ta ce, "Kumburi ai shi ne sanyin yake fitowa. Ya taso daga ƙashi ya dawo fata. Yanzu ne ma ba a sake wuta. In ka ɗauke ta ka kai ta inda za su kwantar da ita a kan gadon ƙarfe ƙarƙashin fanka, ka kashe ta. Bari ta cika arba'in, ka kai ta duk inda kake so."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta faɗi abin da ta sani ne. Ni kuma ban taɓa musa wa Inna ba tun da na yi wayo, kuma ba ni da abin da zan ɗora a kan nata sanin. Na ce to. Na tashi na ɗauki gatari.

Kwana tara na yi a kan wannan "to" ɗin. Ina ganin kumburin yana hawa daga ƙafa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ciki. Ina jin tarin daga inda nake faskare. Kowace safiya sai in ce yau zan sake magana, sai in ga Inna ta sunkuya a kan tukunya hayaƙi yana shiga idonta, sai in fasa.

Ranar kwana talatin da ɗaya da haihuwa, a wankan safe, matata ta faɗi. Matar yayana ce ta fito da gudu ta kira ni. Na same ta a ƙasa an rufa mata zane, leɓɓanta sun yi duhu, kumfa tana fitowa a gefen bakinta. Ban tambayi kowa ba. Na aika aka kira mai a-daidaita, muka ɗauke ta zuwa asibitin Malumfashi.

A can suka sa mata iskar numfashi, suka yi mata allurar da ta sa ta yi ta fitsari har kumburin ya fara saɓewa. Likitan da ya duba ta ya riƙe wuyan hannunta na hagu, ya matsa, ya canja wuri, ya sake matsawa. Ya kira wani ya zo shi ma ya gwada. Ya ce mini mace tana numfashi tana magana amma babu bugu a hannunta, wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Bayan kwana uku, da ta ɗan samu, ya rubuta mana takarda zuwa Zariya.

Likitar da ta karɓe mu a can mace ce, ba ta da yawan shekaru, Hausarta irin ta Zazzau. Ta taɓa hannu biyu. Ta sa abin sauraro a wuyan matata, da ƙasan ƙashin kafaɗa, da kan ciki, ta daɗe tana ji. Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba: ta ɗaura abin awon jini a ƙafa. Da ta ga abin da ya nuna sai ta sake yi a ɗaya ƙafar. Ta ce, "Wa ya ce muku jininta yana ƙasa?"

Na ce a wurin awo ne.

Ta ce, "A hannu suka auna, kuma hannun ba ya faɗin gaskiya. Jininta ya hau sosai. Ya daɗe a sama."

Aka yi kwanaki ana ɗibar jini ana ɗaukar hoto. Ranar da sakamako ya haɗu ta zo ta ja kujera ta zauna a bakin gadon. Ta tambaye ni ko ina noman rani. Na ce ina taɓa tumatir a fadama.

Ta ce, "In wani ya taka tiyo, me ke faruwa a gaba?"

Na ce ruwa ya ragu.

"A baya fa?"

Na ce inji ya yi ta nishi.

Ta ce to haka ne. Ta nuna mini hoton. Manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya sun tsuke. Wadda ke zuwa hannun hagu ta kusa toshewa, a hoton kamar zare take. Ta dama ma ta fara. Shi ya sa hannun yake sanyi, shi ya sa yake mutuwa a daka, jini ne ba ya isa. Wadda ke zuwa ƙoda ita ma ta tsuke, ita ce ta tayar da hawan jinin. Zuciya kuwa shekara da shekaru tana turawa a kan hanya matsattsa, har ta gaji ta buɗe.

Na ce, "To wa ya taka tiyon?"

Ta ce a jinin kowane mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne masu gadin jiki. In cuta ta shigo su ke tashi su far mata, in sun gama su koma su kwanta. A jikin matata wasu daga cikinsu sun tashi ba tare da baƙo ya shigo ba. Sun shiga cikin bangon jijiyar suka ɗauke shi abokin gaba. Kuma in ɗaya ya tashi ba ya yin shiru, sai ya aika wa 'yan'uwansa, su ma su taso su aika wa wasu. Su taru a wurin su yi ta yaƙi, bangon ya kumbura, ya warke da tabo, ya yi kauri, hanya ta ragu. Ta ce zazzaɓin nan na shekarun baya mai yiwuwa lokacin ne suka fara tashi.

Na ce, "Me ya tashe su?"

Ta ce, "Ba mu sani ba, Malam. Ba abinci ba ne, ba sanyi ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata ba. An fi ganinsa a mata masu ƙuruciya. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan da gaskiya."

Matata tana jingine tana saurare. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan masu gadi da suka juya kan gari ba. Ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "To Likita, ba za a yi sulhu da su ba?"

Likitar ta yi murmushi. Ta ce, "Sulhun za mu gwada. Maganin da zan ba ki kwantar da su yake yi, ba ya korarsu. Ba ma so a kore su, don in babu su ko mura sai ta kayar da ke."

Sannan ta tambayi jego. Kwana nawa aka yi ana wanka, sau nawa a rana, kunun kanwa kwano nawa. Na faɗa mata. Ta rubuta ba ta ɗago ba. Ta ce daga yau babu kanwa, babu gishiri, babu gadon wuta.

Da ta fita na bi ta baranda. Na ce ina da tambaya, kuma ina roƙon kada ta lallashe ni. Na ce wankan ne?

Ta ce, "Ciwon ya riga wankan da shekaru. Ba ku kuka sa mata ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kanwa tana riƙe ruwa a jiki tana ƙara hawan jini, zafi kuma yana sa zuciya gudu. Mai lafiya takan ɗauka ta wuce. Ita tata zuciyar da ma a gajiye take, aka ƙara mata kaya."

Na ce, "Da na kawo ta ranar da kumburin ya fara fa?"

Ta ce, "Da ya fi."

Na gode mata. Na koma ciki na ce wa matata na je tambayar lokacin shan magani ne.

Muka dawo gida da ƙwayoyi kala-kala. A gida na ce likita ta hana wanka da kanwa da gishiri, ban ƙara komai ba. Inna ba ta yi musu ba. Ta sa aka kife tukunyar. Ita ce ma ta riƙa yi wa matata miya daban a 'yar ƙaramar tukunya, ba gishiri, ta zauna kusa da ita har sai ta ci.

Watannin farko mun ga haske. Numfashi ya daidaita, tana tafiya har ƙofar gida. Maganin ya sa mata cin abinci, fuskarta ta yi zagaye. Mata masu zuwa dubiya suna cewa jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Takan ce musu, "Ƙibar kanti ce, ba ta gida ba." Kowane wata mukan hau mota zuwa Funtua, daga can mu kama ta Zariya. A ɗebi jini, mu jira. Akwai awon da ke nuna ko masu gadin sun lafa ko suna tsaye. Da mun shiga, kafin ma ta zauna, sai ta ce, "Likita, mutanena sun kwanta?" Sau biyu likitar ta ce sun kwanta.

Amma maganin ba a daɗewa a kansa da yawa, yana cin ƙashi yana kawo sukari. Da aka fara rage shi sai zazzaɓi ya dawo, da wani ciwo a gefen wuya wanda ko ɗankwali ya taɓa sai ta runtse ido. Awo ya nuna sun tashi. Aka mayar da maganin, aka ƙara wani. Sai ciwon huhu ya kama ta, ta yi mako biyu a kwance a Malumfashi, don masu tsare ta suna barci. Haka muka yi ta yi. In an sassauta su ci ta, in an danne su wani ya shigo. Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce jijiyar da ta riga ta yi tabo ba ta komawa, abin da ake nema kada sabuwa ta kamu.

Kafin ruwa ya sauka hannun dama ma ya fara sanyi. In ta ɗaga kai ta dubi sama sai duhu ya rufe ta, saboda jijiyoyin wuya sun shiga ciki. Ta daina goya yaron. Takan zauna a tabarma a ajiye mata shi a cinya. Wata rana na dawo daga gona na same ta tana ƙoƙarin yi wa 'yarmu kitso, yatsun sun ƙi. Ta bar shi rabi. Ta ce mini, "Malam, abin da ke ba ni haushi, ba baƙo ba ne. Da baƙo ne da na san wanda zan yi wa Allah ya isa."

Na zauna kusa da ita har aka kira magariba.

Ta rasu a tsakiyar damina, lokacin maimai. Da hantsi ne, ina gona ina zuba wa masara taki. Ta zauna a inuwa tana tsince wake, Inna tana gefe. Inna ta ce tana cikin magana sai maganar ta karye, bakin ya karkace, ta kife gefe guda. Ko da na iso ba ta gane ni. Muka sa ta a a-daidaita, kanta a cinyar Inna, ni ina riƙe da ƙafafunta. Hanya ta ɓaci da ruwa, muna tafiya a hankali. Muna hango gidajen farko na Malumfashi Inna ta ce wa mai tuƙin ya juya. Aka yi mata sutura kafin la'asar. Yaron yana da wata tara.

Inna ce ta ɗauke shi. Ta yi ta fama da shi da kunu da madara har ya saba. Ta rame a wannan shekarar, ta rage magana, amma ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Muna gida ɗaya, muna gaisawa safe da yamma.

Sai da kaka ta zo. Wata rana bayan azahar muna zaune a tsakar gida mu biyu muna ɓarar gyaɗa, yaron yana barci a ɗakinta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Likitar nan ta Zariya, me ta ce maka game da wankan?"

Na ce, "Ta ce ciwon ya riga wankan da shekaru. Ta ce ba mu muka sa mata ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ɓare gyaɗa biyu ko uku. Ta ce, "Ni na haife ka. In ka rage magana ina gani. Faɗi sauran."

Na so in yi mata ƙarya. Tsohuwa ce, kuma ba abin da zai dawo. Amma ta ajiye hannunta tana jira, na ga ta daɗe da shirya wa amsar. Sai na faɗa mata yadda likitar ta faɗa, kanwar da zafin da zuciyar da ta gaji. Na kuma faɗa mata nawa: cewa matata ta gaya mini kunun yana wahalar da ita, na gani da idona, na yi kwana tara ina tura wuta.

Kaji suka matso kusa da tabarma, Inna ba ta kore su ba.

Ta ce, "Haka uwata ta yi mini. Haka na yi wa yayyenka mata. Ban san wata hanyar kula da mai jego ba." Ta share hanci da gefen mayafi. "Da ta ce mini ba ta so, da na ce raki ne."

Na ce, "Allah ya riga ya rubuta, Inna."

Ta ce, "Ya rubuta. Allah ya yafe mana, ni da kai."

Na ce amin.

Yaron ya farka ya fara kuka. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta shiga ta ɗauko shi ta goya. Da ta fito sai ta ce in tattara gyaɗar in kai rumbu, ita ba za ta iya ƙarasawa yau ba.